Bambancin Giram Huɗu

Ranar Juma'ar da muka haɗu cin shinkafa a fulat ɗin su Auwalu a Al Khabaisi, ɗaya daga cikinku, dogon nan mai aikin lodin kaya a Jebel Ali, ya ce, "Baba Dauda, don Allah ka nema mini aiki a wajenku. Na ji an ce ba abin da kake yi sai miƙa wa Larabawa bindiga a cikin sanyin esi, su harbi takarda, ka ce musu mabruk, an taya su murna." Kuka kwashe da dariya. Ni ma na ɗan dara, saboda ba na faɗa a bakin tire. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har yau, to ga amsarku. Wanda ya ga dama ya karanta, wanda bai ga dama ba, oho.

Ba a esi na fara ba, ku bar ganin farar rigar nan da ake ba mu. Ni mutumin Adamawa ne, ƙauyenmu yana bakin iyakar Kamaru. Babanmu maharbi ne mai bindigar toka, shi ya koya mana karatun ƙasa, ni da ƙanena Sale: wannan sawun na jiya ne, wannan na ɗazu, wannan kashin ɓauna ne da ko ɓawo bai yi ba. Da na kai shekara ashirin na tsallaka, na kama aiki a wani sansanin farauta can bayan Garwa, na wani Bafaranshe da muke kira Patron. Masu kuɗi ne suke zuwa daga ƙasashe, su yanki lasisi, su harbi gwanki ko gwambaza ko ɓauna. Aikina bin sawu. Mai bin sawu shi ne a gaba, kansa a sunkuye, ba komai a hannunsa sai sanda. Baƙo da jagoran farauta suna bayansa da bindigogi. Dokar sansani kuma ita ce, dabbar da aka raunata ba a barinta, sai an bi jininta an ƙarasa ta. Idan gwanki ne, wahala ce kawai. Idan ɓauna ce, ita ba ta yin nisa. Takan sami duhuwa, ta juyo ta fuskanci hanyar da ta biyo, ta tsaya tana jira. Wanda zai fara isa wajenta kuwa mai sandar nan ne.

Shekara goma sha tara na yi a haka. Gwiwa ta fara ba ni matsala, Patron ya tsufa ya sayar da sansanin ya koma gida, Sale ya hau gurbina. Wani baƙo da ya taɓa farauta da mu ya samar mini biza, a 2016 na sauka Dubai, na fara aiki a wani wurin koyon harbi ta can wajen Jebel Ali. Zaure ne dogo mai layi-layi, mafi tsawonsu mita ɗari. Yawancin masu zuwa nishaɗi ne ya kawo su, su yi harbi goma, su ɗauki hoto, su wuce cin abinci. Waɗannan su kuke gani a waya. Akwai kuma masu lasisi da suke shirin tafiya farauta Afirka, suna kawo bindigoginsu a saita musu madubin auna hari da ke kan bindigar kafin su hau jirgi. Dominsu aka ɗauke ni, don duk wurin ni kaɗai na taɓa jin warin ɓauna.

Kayan aikina ba su da yawa. Buhunan yashi biyu da ake ɗora bindiga a kai, abin toshe kunne, ƙaramin sukundireba na juya madubi, tsinken goge cikin bindiga da mai da tsumma, sai madubin hangen nesa da nake duba ramin da harsashi ya yi a takarda. Akwai na'urar auna gudun harsashi, amma ita ba na taɓa ta sai da izinin Usta Ghulam. Usta tsohon soja ne daga Fakistan, shi ne makanikin bindigogin wurin, kuma yana ji da na'urar nan kamar 'yar autarsa.

To ku buɗe kunne, ga abin da kuka ce ba aiki ba ne. Bindigar ɓauna da aka fi kawo mana ita ce mai lamba uku-bakwai-biyar. Bindiga ɗaya ce, amma harsashinta iri-iri ne. Ana auna kan harsashi da wani ma'auni da ake ce wa giren. Akwai mai giren ɗari biyu da talatin da biyar, akwai mai ɗari uku. In ka mayar da shi giram, bambancinsu bai wuce giram huɗu ba, ƙwarar sukari ɗaya ta shayi ke nan. A kan wannan ƙwarar sukarin na ga manya da gemunsu sun daina gaisawa. Marar nauyi ya fi gudu, ya fi tafiya a miƙe, kuma bindiga ba ta shuri da yawa. Shuri shi ne dukan da gindin bindiga yake yi wa kafaɗar mai harbi. Mai nauyi ya fi nawa, shurinsa kamar na jaki, amma in ya shiga nama ratsawa yake yi, ya fasa ƙashi ya wuce. Sai abu na uku, wanda nake fara koya wa kowa: madubin da aka saita da ɗaya ba ya yi wa ɗayan daidai. Bindiga ita ce, mutum shi ne, harsashi kawai ka canza, sai ka ga ramin ya koma ƙasa ko gefe da faɗin tafin hannu, wani lokaci ma fiye.

Wani bijimin ɓauna nake tunawa, a shekarata ta shida da Patron. Baƙon gwanin saiti ne, harsashinsa marar nauyi. Ya harba daga taki saba'in, ƙura ta tashi daidai kan kafaɗa, inda ake so. Muka ce an gama, har wani ya fara wasa wuƙa. Ina! Kwana biyu muna bin ɗigon jini. Da Patron ya ƙarasa shi muka feɗe, sai ga harsashin ya tarwatse a kan ƙashin kafaɗa, ya yi rauni mai faɗin faranti, ko kusa da huhu bai je ba. Patron ya tsince gutsattsarin a tafin hannunsa, ya kawo mini har hanci, ya ce, "Dauda, duba da kyau. Kada ka taɓa yarda a harbi ɓauna da wannan abin wasan yaran in kai ne a gaba." Na haddace maganar nan kamar karatu.

Bayan shekara uku aka kawo wani ƙato, da babbar bindiga da harsashi mai nauyi, irin wanda Patron yake so. Ashe mutumin ya fi tsoron bindigarsa a kan ɓaunar. Ina gefensa na ga ya runtse ido tun kafin ya ja kunama. Harsashi kam ya ratsa, ya shiga ta nan ya fita ta can, amma a tumbi. Jinin da muka tarar baƙi ne, haɗe da ciyawar da ta ci, kuma ba abin da mai bin sawu ya ƙi jinin gani kamar wannan. Ta jira mu a cikin gamba. Ban san lokacin da na hau bishiya ba, da takalmi a ƙafa ɗaya. Da yamma na ce, "Patron, yau fa mai nauyi ne." Ya ɗaga kafaɗa irin tasu, ya kunna taba.

Da wannan ruɗun na zo Dubai, Usta ya ƙara mini wani a kai. Shi ɗan marar nauyi ne na a-mutu. Dawud bai yake kirana, wato ɗan'uwa Dauda a yarensu. Yakan ce, "Dawud bai, ba nauyi ne yake kashewa ba, wurin da ya shiga ne. Ka ba mutum abin da zai iya harbawa ido buɗe. Kuma harsashin yanzu ba irin na zamaninku ba ne, tagulla ce zalla, ba ta tarwatsewa." Sai ya ɗauko wata kwalba cike da harsasan da ya harba cikin jiƙaƙƙun jaridu, ya zube mini su a tebur, kowanne ya buɗe baki amma bai fashe ba. In ce, "Usta, jarida ba ta juyowa ta jira ka." Ya ce, "Kai kuma ɓauna biyu ka gani ka mai da su littafi." Shekara huɗu muna wannan musun a kan shayin karak. Gaskiyar da ban taɓa gaya masa ba ita ce, in yana magana sai in ji na yarda da shi ɗari bisa ɗari, in na shiga bas ɗin komawa gida sai tafin hannun Patron ya dawo mini, in ji na warware. Abin da ya rufa mini asiri, yawancin kwastomomina ƙananan dabbobi suke zuwa harbi, su kam marar nauyi ya ishe su. Masu ɓaunar kuwa samari ne masu kafaɗa, in ba su mai nauyi, su harba suna dariya. Ba a taɓa matsa ni na zaɓa da gaske ba, kowa yana ce mini masani.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe wurinmu, muka zauna a ɗaki mu shida muna kallon juna, har na san yawan tayil ɗin da ke banɗaki. Mu namu da sauƙi. Can sansani ko baƙo ɗaya bai je ba, jirage ba sa tashi. Sale yana da mata da 'ya'ya bakwai, ya koma noman gyaɗa a gonar surukinsa, Salen da duk yankin ba wanda ya kai shi karanta sawu. In mun yi waya sai ya ce, "Lafiya ƙalau, Hamma, Allah na nan." Hamma, haka ƙanne suke kiran yayyensu a wajenmu. Amma na san muryar ƙanena, ba lafiya ƙalau ba ne.

A farkon 2021, an sake buɗewa ke nan, Abu Saif ya shigo da akwatin bindigarsa. Dattijo ne ɗan ƙasa, ya haura sittin, mutumin kirki, ba ya zuwa sai da dabino a leda na ma'aikata. An taɓa yi masa aiki a kafaɗar dama. Ya ce, "Ya Dawud, ɓauna ɗaya nake so kafin likita ya hana ni gaba ɗaya. Ina zan je?" Ko numfashi ban ja ba na ce sansaninmu. Na rubuta masa lambar ofishinsu na Garwa, na ce, "Tal umrak, ka ce musu Sale kake so ya bi maka sawu, ƙanena ne, ba kamarsa." Tal umrak shi ne ranka ya daɗe ɗinsu. Da bakina na haɗa wannan tafiya, ina murna na samo wa ɗan'uwana aiki.

Muka ɗora bindiga a buhun yashi, na sa masa mai ɗari uku. Harbin farko a tsakiya, ba laifi. Na biyu ya sauka da yatsa huɗu. Na uku da ƙyar ya taɓa baƙin da'irar da ke takardar. Ya ɗago ya ce, "Iska ce."

Na ce, "Tal umrak, a cikin ɗaki muke."

Muna da wata dabara ta irin wannan. Akwai abin da muke kira mataccen harsashi, kamarsa ɗaya da na gaske, sai dai ba albarushi a cikinsa. Yana shan ruwa na zura shi a cikin sauran bai gani ba. Ya gyara zama, ya ja kunama. Ƙas! Ba abin da ya tashi, amma bakin bindiga ya nutsa ƙasa, kafaɗarsa ta noƙe, idonsa biyu a runtse gam. Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi bindigar. Kunya ta kama shi, ni ma ta kama ni, don ba daɗi ka nuna wa babba tsoronsa. Usta yana tsaye a baya, sai ya je ya kawo kwalin marar nauyi. Abu Saif ya harba uku, ramukan suka haɗu wuri ɗaya, dirhami guda zai rufe su. Usta ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare. Ni da hannuna na ɗauki sukundireba na juya madubi har ramukan suka koma tsakiya. Sati biyu yana zuwa yana harba marar nauyi, runtse idon ya bar shi.

Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Ga harbi mai kyau a takarda, ga tagulla zalla, ga Usta yana murmushi, amma in na rufe ido raunin nan mai faɗin faranti nake gani, da Sale a sunkuye yana bin ɗigon jini. Ranar ƙarshe na ce, "Tal umrak, me zai hana ka bar ɓauna, ka harbi gwanki? Ƙahonsa ya fi kyau a bango."

Ya yi dariya ya dafa ni. "Gwanki na harba tun kafin gemuna ya yi fari. Ba kai ka ce ƙanenka ba kamarsa ba? To me kake tsoro?"

Na rufe masa akwati.

Ranar da jirginsa ya tashi, bayan la'asar, ina tsaye a tashar bas, wata dabara ta faɗo mini, kuma wallahi a lokacin gani na yi ba wanda ya kai ni wayo. A daji Sale ne yake ɗaukar bindigar baƙo, shi yake ɗura mata harsashi ya miƙa masa. Sansani kuma yana da nasa harsasan masu ɗari uku na irin bindigar. Na ce a raina, ai harbin farko da Abu Saif ya yi da mai nauyi a tsakiya ya sauka, tsoron sai a na biyu yake zuwa. In bai san an canza ba, zai harba ido buɗe, ga saiti ga nauyi, na haɗa Usta da Patron a harsashi ɗaya. Na danna waya na yi saƙon murya: "Sale, mutumin nan harsashinsa marar nauyi ne, ban yarda da shi ba. In kun je kan ɓauna ka zare nasa, ka sa masa na sansani mai ɗari uku. Kada ka gaya wa kowa, ko jagora." Sansanin ba sabis, sai an hau wani dutse da ke bayan kicin. Aka yi dace Sale ya hau a yammacin. Kafin magariba alamar nan ta zama biyu, saƙo ya isa. Ya amsa a taƙaice: "To Hamma, na ji. Yadda ka ce."

Washegari da safe ina saita wa wani kwastoma madubi, sukundireba a hannuna, sai na tuna. Madubi! Harbin nan na farko da nake taƙama da shi, ai kafin na juya madubin aka yi shi. Yanzu madubin na marar nauyi ne, ni na mai da shi haka. Abin da nake koya wa kowa a ranar farko, shi na manta a tashar bas. Na ajiye kwastoma na shiga wajen Usta, na ce kamar da wasa, "Usta, bindigar Abu Saif, da a ce wani zai sa mata mai ɗari uku yanzu, ina zai sauka?"

Ya dube ni ta saman gilashinsa. "Kai ma ka gani ai. Faɗin hannu ƙasa, ya ɗan ja hagu. Wane jaki ne zai yi haka?"

Na fita bayan gini a cikin rana na yi saƙo na biyu: "Sale, ka bar maganar jiya. Kada ka canza komai. Ka bar masa nasa. Ka ji ko? Kada ka canza." Alama ɗaya ta fito. Na tsaya ina kallonta, ta ƙi zama biyu.

Kwana huɗu ta yi a ɗaya. Na san yadda abin yake: in baƙo ya iso, mai bin sawu ba shi da lokacin hawa dutse. Za su gwada bindiga a bayan sansani da harsashin Abu Saif, su ga ta buga tsakiya, hankalin kowa ya kwanta, sannan su shiga daji. Ofishin Garwa yana magana da sansani ta rediyo, ina da lambar. Sau biyu ina bugawa ina kashewa kafin a ɗauka. Me zan ce? In na faɗi gaskiya, sabon mai sansani zai kori Sale saboda taɓa harsashin baƙo, maganar ta dawo kunnen Abu Saif, tawa bizar ma ta tafi. A na uku na daure, wata mata ta ɗauka, na ce, "Don Allah a gaya wa Sale ya hau dutse ya duba wayarsa." Ta ce za ta faɗa. Ashe sun bar babban sansani, sun kafa tanti a bakin kogi, nesa da dutsen.

Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne, ko a cikin kwanakin nan huɗu ban tsaya a magana ɗaya ba. Da safe in ce na kashe ƙanena. Da rana in ce, to ai zuciyar ɓauna a ƙasa take, faɗin hannu ƙasa ma wataƙila ya fi daidai, gara da saƙon na biyu bai isa ba. Da yamma in sake ɗaukar waya in duba ko ya isa. Ina salla ina lissafin faɗin tafin hannu, sai da na yi ƙabli da ba'adi ya fi a ƙirga. Wani kwastoma ya tambaye ni wanne ya fi wa gwanki, sai da Usta ya zo ya amsa masa.

A rana ta biyar, wajen azahar, Abu Saif ya kira ni da kansa daga asibiti a Garwa. Ban gane muryarsa ba da farko. Ya ce, "Ya Dawud, ka yafe mini. Na ɓata harbi, ƙanenka ya biya." Ya ce bijimin yana tsaye a sarari, ya saita daidai, ya ja, sai ya ji bindigar ta doke shi kamar ba tasa ba. "Tsoron nan ne ya dawo mini, wanda ka nuna mini. Ka ce in bar ɓauna, na ƙi ji." Harsashin ya sauka ƙasa, ya karya ƙafar gaba, ya yanki ƙirji ta gefe, bai taɓa zuciya ba. Suka bi jini. Bijimin ya jira su a sarƙaƙiyar bakin kogi, da ƙafa uku ya fito, ya ɗauki Sale a cinya ya jefar, ya bi shi ya danne. A kan Sale jagora ya kashe bijimin. Ƙashin cinya ya karye biyu, amma likita ya ce zai rayu. Sau uku dattijon nan yana roƙona gafara, yana kuka. Ni kuma na buɗe baki na ce, "Ƙaddara ce, tal umrak." Ban taɓa jin na tsani kaina ba kamar ranar.

Da Abu Saif ya dawo ya kawo bindigar a wanke, ya ce ya gama farauta har abada. Bayan ya fita Usta ya buɗe akwatin, ya ɗauko kwalin marar nauyi, ya zube a tebur. Ya kira ni. "Ashirin ya tafi da su a kwalin nan. Uku na gwaji a sansani. Ga sha bakwai. Dawud bai, da me ya harbi ɓaunar?"

Na sunkuyar da kai. Na jira zagi, na ma fi son ya zage ni. Ya daɗe yana juya harsashi ɗaya a yatsunsa, sannan ya ce a hankali, "Da ka zo ka gaya mini ƙanenka ne a gaba, da ban ce khalas da sauri haka ba. Ni fa ban taɓa ganin ɓauna ba sai a hoto. Ban san ko wannan zai fasa kafaɗarta ba." Tabɗi! Shekara huɗu yana cika mini kunne, sai a ranar ya faɗi haka. Bai kai ni ƙara ba, bai kuma gaya wa Abu Saif ba, ni ma har yau ban iya gaya masa ba.

Sati uku ina jin labarin Sale ta wayar matarsa. In ta miƙa masa, gaisuwa ce kawai, ya jiki, da sauƙi, don ba ya iya dogon magana, ni kuma na kasa tayar da zancen. Ran nan ina goge bindiga, waya ta yi motsi a aljihuna. Na duba, sai na ga alamar saƙon nan na biyu ta zama biyu. Ba a jima ba kira ya shigo.

"Hamma, an kawo mini wayata daga sansani. Saƙonka ya shigo."

Na ce, "Sale, don girman Allah ka ya..."

"Bar wannan tukuna. Tambaya gare ni. Likita ya ce ƙafar za ta ɗauke ni, amma bin sawu ya ƙare. Bashiru za a sa a gurbina." Bashiru babban ɗansa ne, shekararsa ashirin da biyu. "Baƙi suna zuwa wata mai kamawa. In wani ya zo da marar nauyi, ya canza masa ko kada ya canza? Magana ɗaya nake so, Hamma, ba biyu ba."

Na ce, "Kada ya taɓa harsashin kowa. Ko ni na ce ya taɓa, kada ya taɓa."

"To, wannan na ji. Amma shi ne a gaba, ya kamata ya san abin da ke bayansa. Wanne ya fi wa ɓauna?"

Na dubi teburin, ga harsasan nan duka biyu a gabana. Na ce, "Ban sani ba, Sale. Wallahi ban sani ba."

Sai ya ce, ba da faɗa ba, "Da ka faɗi haka tun farko, Hamma, ai da yanzu ina tsaye."

Na ji matarsa tana ce masa ya ɗago a gyara masa filo. Ya ce mini sai an jima, ya kashe.